MARARABA: GARIN DA AKE GWADA MOTA DA FASINJA A CIKI

Duk wanda ya fito daga birnin Abuja ya nufi Keffi, da zarar ya wuce shataletalen AYA ya gangara tudun Kugbo, ya bar Karu da Nyanya a baya, sai ya tsinci kansa a Mararaba ba tare da ya lura ba. Gidaje da rumfunan kasuwa sun haɗe, har baƙo ba ya iya nuna inda ƙasar Babban Birnin Tarayya ta ƙare da inda Jihar Nasarawa ta soma. A takarda dai Mararaba tana cikin Ƙaramar Hukumar Karu ta Jihar Nasarawa, wadda aka cire daga Jihar Filato a 1996. Amma a zahiri ɗakin kwanan Abuja ce, domin akasarin masu kwana a cikinta a birni suke wuni.

Asalin wurin ƙasar Gbagyi ce, ƙasar noman doya da dawa. Dokar da Janar Murtala Muhammed ya kafa ranar 3 ga Fabrairu, 1976, ita ta haifi sabon babban birni, kuma tun da gwamnati ta taso daga Ikko ranar 12 ga Disamba, 1991, ƙananan ma'aikata da leburori da 'yan kasuwa waɗanda kuɗin haya a Garki da Wuse ya fi ƙarfinsu suka dinga malalowa gabas. Rushe-rushen da aka yi a Abuja tsakanin 2003 da 2007 ya ƙaro waɗansu, hana acaba a tsakiyar birni a 2006 ya ƙaro waɗansu. Ga Bahaushe mai kayan gwari a Kasuwar Lemu, ga Inyamuri mai kayan gyaran mota, ga Bayarabe bakanike, ga Tibi, ga Eggon, ga Igala. Sunan garin ya dace da shi.

Abin da ya haɗa wannan taron jama'a shi ne hanya guda ɗaya. Tun kafin a kira assalatu motoci suke jeruwa, ƙananan bas-bas da tasi da motocin ma'aikata masu ɗaukar fasinja don rage kuɗin mai, kowa yana so ya haye Kugbo kafin hanya ta cushe. Tafiyar da ba ta kai ta rabin sa'a ba in hanya a sake take, sai ta ci sa'a biyu. Da la'asar kuma a juyo. Motar da ke wannan zirga-zirga tana shan wahalar da maƙeranta na Japan ko Jamus ba su yi tanadinta ba: injin yana aiki mota na tsaye, ruwan lagireto na tafasa, ƙafar direba ba ta sauka daga kan kulos da burki, ga lodi fiye da kima, ga ƙurar hunturu, ga ramukan damina a lungunan cikin gari.

Saboda haka garejin bakanike ya zama kamar shagon mai shayi, ko'ina akwai shi. A gindin bishiya ko bayan gidan mai za a ga ramin duba mota, da tsohon inji rataye da sarƙa, da yara masu koyon aiki baƙi ƙirin da baƙin mai. Kusa da su ga mai walda, ga mai faci da injin iskarsa, ga mai gyaran waya, ga mai ƙwanƙwasa bodi. Aikinsu ya wuce mayar da mota yadda take. Sukan sake mata hali. Akan ƙara wa bas ganyen sifirin don ta ɗauki kaya, a sa wa tasi lagireto mai kauri, a ɗaure fanka ta riƙa juyawa ba tsayawa, a ɗaga ƙaramar mota don kada cikinta ya daki ƙasa, a cire injin wata a dasa wa wata. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, wani sabon aiki ya shigo ƙasar nan, watau mayar da mota mai shan fetur ta koma amfani da iskar gas, da tukunya a but.

To, in an gama aikin, sai yaro ya ce, "Oga, an ɗaure." Maigidan ya karɓi makulli, ya hau titi, ya ɗan ja zuwa wajen Ado ko Masaka, ya taka burki sau biyu ko uku, ya kasa kunne ya ji ƙarar inji, ya juyo. Iyakar gwajin ke nan. Mai motar na tsaye yana duban agogo, domin kuɗin da zai kai wa mai ita da yamma ba su san gyara ba. Sauran gwajin a kan tudun Kugbo za a yi shi gobe da asuba, da mutum goma sha takwas a ciki.

Wannan matsala, ta yadda za a inganta mota alhali ba ta da ranar hutu, ita ce kuma ke cin tuwo a ƙwaryar manyan injiniyoyin duniya masu tseren motoci na Formula 1, wanda akan gani a talabijin a ranakun Lahadi. A wannan gasa kowace ƙungiya ita ke tsara motarta da kanta, kuma motar da aka soma shekara da ita ba ita ake gamawa da ita ba, domin kusan kowane wata ana sake mata fukafukai da ƙasan ciki da sauran sassa. A 2024 tsere 24 aka yi, daga Maris zuwa Disamba. Ƙungiyar da ta tsaya cik a watan Mayu, kafin Satumba an bar ta a baya.

A dā mai kuɗi shi ke da gwaji. Kamfanin Ferrari ya gina filin gwajinsa na Fiorano a 1972, daura da masana'antarsa ta Maranello a Italiya, ta yadda za a ƙera wani sashe da safe a gwada shi da rana. A shekarun da Michael Schumacher ya ci kambin duniya sau biyar a jere, daga 2000 zuwa 2004, manyan ƙungiyoyi suna da ma'aikata da direbobi na musamman waɗanda ba su da aiki sai gwaji. Ƙananan ƙungiyoyi kuwa sai kallo. Da tattalin arzikin duniya ya karye a 2008, har kamfanin Honda ya janye daga gasar a watan Disamba, hukumar FIA mai kula da tseren ta hana gwaji a fili a tsakiyar kakar wasa daga 2009.

Shekarar farko ta nuna abin da dokar ke nufi. Ƙungiyar Brawn, wadda ta tashi daga ragowar Honda, ta zo da wata dabara ta fitar da iska ta ƙarƙashin mota wadda akasarin abokan hamayyarta ba su yi tunaninta ba. Direbanta Jenson Button ya ci shida daga cikin tsere bakwai na farko. Da sauran suka kwaikwayi dabarar, musamman Red Bull, bai sake cin ko ɗaya ba har shekara ta ƙare, tazarar farko ce ta ba shi kambin. Dokar kuwa ba ta wasa ba ce. A 2013 ƙungiyar Mercedes ta yi wa kamfanin taya na Pirelli gwajin kilomita 1,000 a Basalona da motar da take tsere da ita, aka gurfanar da ita, aka tsawata mata, aka hana ta shiga gwajin matasan direbobi na wannan shekara.

Da aka rufe musu fili, sai injiniyoyi suka koma ɗaka. Akwai wani dogon zaure da ake hura iska mai ƙarfi a cikinsa a kan ƙaramin samfurin mota, wanda doka ta ce kada ya wuce kashi 60 cikin 100 na girman ta gaske, a auna yadda iska ke danne ta ko riƙe ta. Akwai kwamfuta mai lissafin tafiyar iska, akwai kuma na'urar da direba zai zauna a ciki ya tuƙa kamar yana kan hanya. Daga 2021 aka ƙayyade kuɗin da ƙungiya za ta kashe a shekara, aka soma da dala miliyan 145, aka kuma tsara cewa wadda ta zo ta ɗaya ita ke da mafi ƙarancin lokaci a zauren iska, ta kashin baya kuwa a ƙara mata. Sai sabon sashe ya tsallake waɗannan matakai duka sa'an nan a ɗaura shi ranar Jumma'a, lokacin share fage, wani zubin a shafa masa koren fenti mai ruwa don a ga inda iska ta bi. In lissafin ɗaka bai yi daidai da na fili ba, a cire shi a mai da tsohon. In ya yi daidai, sakamakon ba ya ɓuya. McLaren ta soma 2023 a can baya, ta kawo sababbin sassa a tseren Ostiriya a watan Yuli, ta ci gaba da ƙari, har a 2024 ta ci kambin ƙungiyoyi, karo na farko tun 1998.

Mai karatu zai ce ina ruwan Mararaba da wasan attajiran Turai, tun da rabon a yi wannan tsere a Afirka tun 1993 a Kyalami ta Afirka ta Kudu. Tsofaffin direbobin hanyar Keffi da Akwanga da Jos sun san amsar, domin sun ci abinci da Peugeot 504, wadda jama'a ke kira Fijo. A 1975, shekarar da aka buɗe masana'antar harhaɗa ta a Kakuri ta Kaduna, wannan mota ta ci tseren Safari na Kenya a hannun Ove Andersson, ta ci na Maroko a hannun Hannu Mikkola, ta kuma ci na Bandama a Kwaddibuwa, tseren da a 1972 babu mota ko ɗaya da ta kai ƙarshensa. Laka da ƙura da duwatsu su ne suka yi mata jarrabawa a bainar jama'a kafin ta yi suna a tashoshin mota. Haka kuma mutanen Agadas da Arlit sun ga ayarin tseren Faris zuwa Dakar tun fitowarsa ta farko a farkon 1979, kuma Peugeot ta ci shi shekara huɗu a jere daga 1987 zuwa 1990. Burki mai faifai ma, wanda kowane yaron gareji ke canja wa takalmi a yau, a tseren Le Mans na 1953 ya nuna kansa, a jikin motar Jaguar. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Bambancin da ke tsakanin gareji biyun ya wuce na kuɗi. Injiniyan tsere yana canja abu ɗaya a lokaci ɗaya, ya auna, ya rubuta, don gobe ya san abin da ya yi amfani. Bakaniken Mararaba sau da yawa yakan canja abu uku a tashi ɗaya, ma'auninsa kunne da tafin hannu, littafinsa kuwa ƙwaƙwalwarsa, in ya tsufa ko ya koma garinsu iliminsa ya bi shi. Ƙara ganyen sifirin yana sa bas ta ɗauki kaya, amma burkinta na nan yadda aka ƙera shi don rabin wannan nauyi. Ɗaga mota yana tsare cikinta, amma yana sa ta saurin kifewa a kwana. Tukunyar gas da ba a gwada ƙarfinta ba haɗari ce ga duk wanda ke kusa. Direban tsere ya shiga motarsa da saninsa, da hular kwano da rigar da wuta ba ta ci. Mai koko da ta hau bas a Mararaba da goyo a baya ba wanda ya shawarce ta. Mutanen wannan hanya ba su manta da watan Maris na 2025 ba, sa'ad da wata babbar mota ta ƙwace kusa da gadar Karu, wuta ta tashi, motoci da dama suka ƙone, aka yi asarar rayuka, aka kuma ce burki ne ya ƙi.

Ƙasar nan ba ta rasa tushen da za a ɗora gini a kai ba. Akwai Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya tun 1988, akwai jami'an duba lafiyar motoci. Akwai hukumar tsarawa da bunƙasa motoci ta NADDC, mai cibiyoyin gwaji a Zariya da Enugu da Ikko, wadda Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, ya shugabanta daga 2017 zuwa 2023. A 2020 an yi jerin motocin da aka harhaɗa a Nijeriya daga Abuja zuwa bikin kamun kifi na Argungu, bikin da tun dā aka san shi da tseren motoci. Abin da ya rage shi ne wannan ilimi ya sauko gindin bishiya.

Ba filin Fiorano Mararaba take bukata ba. Ɗan fili mai shimfiɗaɗɗiyar kwalta a gefen gari ya isa, da na'urar auna burki guda ɗaya wadda ƙungiyar makanikai da ta direbobi za su riƙe tare, kowace motar haya da aka taɓa wa burki ko sifirin ko tukunyar gas ta bi ta kanta da lodin buhunan yashi kafin ta ɗauki mutum. A haɗa da littafi a kowane gareji, mai nuna ranar gyara da abin da aka canja da nisan da aka yi kafin ya lalace. Ƙaramar Hukumar Karu da Gwamnatin Nasarawa da Hukumar Babban Birni duk suna karɓar haraji daga motocin nan, saboda haka nauyin yana wuyansu gaba ɗaya. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma gangaren Kugbo da asuba ba wurin gano lafiyar burki ba ne.