Dokin Maigida, Dusar Uwargida

A ƙauyukan Minjibir da Dambatta gona manne take da gona, makiyaya ta yi ƙaranci, saboda haka doki a turke yake wuni. Maigida ke tara masa harawa, amma dusa da ruwan kanwa daga hannun uwargida suke fitowa, ita da ta yi surfe tun da asuba. Da kaka ta nemi zane, aka ce kuɗin gyaɗa sun tafi a linzami.

Ran hawan salla maigida ya naɗa rawani ya bi hakimi, maroƙa na ta zuba masa kirari. Ita kuwa tana kulle, algaita kawai take jiyowa ta bayan danga. Da ya sauko da la'asar, kofaton dokin ya fara dubawa, sannan ya tambayi tuwo.