Ɗakin da zafin Afrilu ba ya shiga

A bayan laburaren jami'armu akwai wani ɗaki marar taga, mai sanyi kamar asubahin hunturu. Nan ake ajiye saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da rajista da sakamakon jarrabawar ɗalibai. Fankokinta na ta ruri, sai ka ɗaga murya kafin a ji ka.

Ranar da muka shiga, faifan ajiya guda ya mutu. 'Yar fitilarsa ta koma ruwan goro, na sauran kuwa kore shar. Mun zaci za a kashe komai. Ina! Injiniyan ya zaro shi kamar durowa, ya tura sabo, na'ura ko gezau.

Dabarar ita ce tsarin RAID 5: ana rarraba bayanai a faifai uku ko fiye, tare da lissafin da zai maido da na wanda ya mutu. Amma guda ɗaya tak. Cika sabon faifan kan ɗauki sa'o'i, kuma in na biyu ya mutu kafin a gama, sakamakon kowa ya dogara ga kwafin da aka adana daban. Shi ya sa injiniyan ya fasa fita cin abinci, ya ja kujera gaban allo.