Raɓar Asuba

Idan damina ta ja baya, kaka ta kunno kai, duk wanda ya yi sammako zuwa gona yakan dawo da ƙafar wandonsa sharkaf, alhali ko yayyafi ba a yi cikin dare ba. Mukan ce raɓa ta sauka, amma a kan ganyen nan take taruwa. Da rana ƙasa da tsire-tsire suna shan zafi. Idan dare ya yi sai su saki zafin zuwa sararin sama, su yi sanyi fiye da iskar da ke kewaye da su. Iska kuwa tana ɗauke da tururin ruwa da ido ba ya gani, kuma abin da take iya riƙewa a zafin digiri 30 ya ninka na digiri 10 har sau uku. Da zarar ta taɓa ganye mai sanyi sai ta kasa riƙe kayanta, ta sauke su ɗigo-ɗigo.

Nakan nuna wa yaran makarantar Lahadi wannan da kofin silba. Mu goge bayansa ya bushe, mu zuba ruwa da ƙanƙara, mu jira. Cikin 'yan mintoci sai kofin ya yi gumi. Yara sukan ce yoyo yake yi, sai in ce musu ruwan nan tun ɗazu yana cikin ɗakin tare da mu, wurin sauka kawai yake nema. Haka murfin tukunya yake tara ɗigo idan uwargida ta buɗe miya.

Raɓa tana da sharaɗi. Daren da hadari ya rufe sama ba ta yawa, gama gizagizai kamar bargo suke, suna mayar wa ƙasa zafinta. Daren iska mai ƙarfi ma haka ne. Sai sama ta washe, gari ya yi tsit.

A ƙasar Kan'ana akan yi watanni na rani ba ruwan sama, shi ya sa mutanenta suka san darajar raɓa. Da ita Ishaku ya sa wa Yakubu albarka. Tare da ita manna take zuwa a jeji. Gidiyon ya matse ta daga ulu har ta cika kwano, kamar yadda Littafin Mahukunta sura 6 ya faɗa, kuma ta bakin annabi Yusha'u Ubangiji ya kwatanta kansa da ita.

'Yan'uwa ƙaunatattu, da yawa cikinmu muna jiran Allah ya zo da tsawa da ruwa kamar da bakin ƙwarya, muna cewa ya manta da mu. Alherinsa kuwa yana kewaye da mu kamar tururin nan. Zuciyar da ta kwana da zafin rigimar jiya, da fushin da ta ƙi saki, takan wayi gari a bushe ko da raɓa ta jiƙa gonar maƙwabci. Kafin mu kwanta yau, bari mu yafe wa wanda ya ɓata mana, mu natsu a gaban Ubangiji.

Ya Uba, ka kwantar da zafin zukatanmu, domin alherinka ya sami wurin sauka. A cikin sunan Yesu, Amin.