Yini Guda a Ƙasa Cikin Tsohuwar Akara

Mu mutanen Gidan Rumji, ruwan da muka sani mai lokaci ne. Gulbin Maraɗi ya kawo da damina, kafin sanyi ya kama ya janye ya bar mana rairayi da fadama. Shi ya sa da na tsaya a gindin hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta Jamestown, doguwar nan mai ratsin ja da fari, na daɗe ban ce uffan ba. Ruwa ne iya ganin ido, ba ya ƙafewa, ba ya kwanciya, dare da rana yana dukan gaɓa.

Ƙanena ne ya kai ni, wanda ya shekara tara a Gana yana sana'ar albasar Galmi. Ya ce, "Yaya, nan ba a shiga da mota. Sai da ƙafa." Ranar Talata ce, kuma masuntan kabilar Ga ba su shiga teku ranar Talata. Sai muka iske kwale-kwale jere a kan yashi, kowane an sassaƙe shi daga gungumen icce ɗaya, an yi masa fenti, an kafa masa tuta. Maza na zaune suna ɗinkin taru, zare a hannu, bakin tarun maƙale a babban yatsan ƙafa, kamar yadda tsofaffinmu ke tufkar igiya a gindin gawo. Mata kuwa suna bandar kifi a kan murahun laka, hayaƙi ya game unguwa har ya kama tufafinmu.

Wannan yanki shi ne Ga Mashie, cibiyar garin da tsofaffinmu ke kira Ankara. Tsohon kurkukun James Fort na nan dab da hasumiyar. Ingilishi suka gina shi a 1673 don ciniki, cikin hajar har da mutane. Gaba kaɗan akwai Ussher Fort, wanda mutanen Holan suka gina a 1649. Daga baya duka biyun sun koma gidajen kaso. A James Fort aka tsare Kwame Nkrumah a 1950, yana ciki ya ci zaɓen 1951, aka buɗe masa ƙofa ya fito ya kama mulki. Bangon ya dafe, gishirin teku ya ci ƙarfen tagogi, farar ƙasar ta ɓare. Na sa tafin hannu a jikinsa na ji danshi, da rana tsaka.

Daga nan muka kutsa lunguna. Gidajen katako masu bene, rufin kwano ya yi tsatsa, yara na ƙwallo, wasu samari na dukan buhun yashi, don unguwar Bukom da ke nan ita ta fitar da ɗan dambe Azumah Nelson. Ban tsaya kallo ba, domin wata mata mai sayar da koko da ƙosai ta ga rawanina ta ce, "Baba, sannu da zuwa, ka zo lafiya?" Hausa tsaf, sai dai irin ta Zango, wadda ba ta raba mace da namiji: tana nuna ɗiyarta tana cewa "ya tafi makaranta". Kokon ya sha citta da kanumfari da barkono. Mutanen gari da ba su jin ko "zo in kashe ka" da Hausa, da sunansa suke saye: Hausa koko. Haka ƙosai, haka tuwon zafi, haka shinkafa da wake da suke kira waakye.

Rabin labarin alaƙar Hausawa da wannan gari na san shi tun ina yaro. Kakanni sun bi hanyar Gwanja da jakai, su kai kanwa da turkuɗi da fata, su ɗauko goro daga Salaga. Da yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, fatake suka watsu, wasu Kumasi, wasu har nan bakin ruwa. Titin Zongo Lane, inda yau ake sayar da yadi kusa da kasuwar Makola, nan Malam Nenu, mutumin Katsina, ya zauna da jama'arsa, ɗansa Malam Baƙo kuma ya tashi ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20. Ko a gidanmu akwai kawun da ya dawo daga Kurmi da akwati ɗaya a 1969, shekarar da gwamnatin Busia ta kori baƙi marasa takarda. Har ya rasu yana kiran ƙasar Gwalkwas, kuma bai taɓa zagin ta ba.

Ɗayan rabin ne ba a ba mu a gida. A tsakiyar unguwar akwai kasuwa mai suna Salaga. Na tambayi wani dattijo da ke zaune a ƙofar shagon tela dalilin sunan. Ya dube ni, ya dubi zanen Gobir da ke fuskata, ya ce, "Malam, hanyar da ta kai muku goro ita ta kawo mana mutane. Nan ake tsayar da su." Ya nuna wajen da hannu. Yau tumatir ne da manja da busasshen kifi a kan tebura.

Muka gangara zuwa wani tsohon gida a Brazil Lane, mai kallon teku, ana ce da shi Brazil House. Gidan Tabom ne, ƴantattun bayi da suka dawo daga Barazil cikin jirgi, aka sauke su nan a 1836, sarakunan Ga suka ba su masauki. Sunan Tabom ya samo asali daga yadda suke amsa gaisuwa da harshen Fotugal. Da yawansu Musulmi ne, kuma sun baro Bahia ne bayan tawayen bayi Musulmi na 1835. Kafin wannan ma, a 1807 da 1814, Hausawa ne kan gaba wajen tayar da ƙayar baya a can. Ta yaya Bahaushe ya kai Bahia? Yaƙe-yaƙen da suka tashi a ƙasar Gobir daga 1804 sun cika kasuwanni da kamammu, daga kowane ɓangare, aka riƙa miƙa su hannu zuwa hannu har Ikko da Wida, aka ɗura su a jirgi.

Shekarar 1836 ɗin nan ta tsaya mini a rai. Ita ce shekarar yaƙin Gawakuke, inda aka karya Gobirawa, waɗanda suka tsira suka zo suka kafa Tsibiri, nan kusa da mu. Kowane yaro a ƙasarmu ya ji labarin waɗanda suka faɗi a fagen fama da waɗanda suka gudu suka sake gari. Waɗanda aka ɗaure aka yi kudu da su fa? Ba kirari, ba kabari, ba mai ambaton su ko a addu'ar Sallah. Ina ganin wannan ba daidai ba ne. Su ma ɗiyan wasu ne, an raɗa musu suna, an yanka musu rago. Ya kamata malaman lakwal su faɗa wa yara, masu tarihin fada su ma su sa su cikin lissafi.

La'asar ta iske mu a wani ƙaramin masallaci kusa da Zongo Lane. Ƙafafuna sun yi tsami, rigata na warin hayaƙin kifi. Bayan sallama, ladan ya miƙo mini hannu ya ce, "Daga ina baƙo?" Na ce Gidan Rumji, ƙasar Gobir. Ya ce kakansa ma daga wajen can ya fito, amma sunan garin ya ɓace musu. Ya roƙe ni in lissafa masa garuruwanmu ko zai ji wanda ya taɓa ji. Na fara: Tsibiri, Cadakori, Sayi Sabuwa, Gidan Sori. Ya rufe ido yana saurare, ya ce in sake faɗa a hankali.