Kafin Hausa: Kafin ka zana, fara dubawa

Da sanyin safiyar wata Asabar cikin watan Nuwamba muka baro Haɗeja muka nufi Kafin Hausa. Mu 12 ne 'yan ƙungiyar zane ta makarantarmu, maza da mata, tare da malaminmu na zane. Kowa ya riƙo littafinsa da fensir biyu, HB da 2B, da kilina. Mota na tsayawa, tun ba mu sauka ba, Malam ya miƙo wata baƙar leda ya ce kowa ya jefa kilinarsa a ciki, sai yamma za a mayar mana. Muka dubi juna. Wasunmu ba su taɓa ja layi uku ba tare da sun goge biyu ba.

Kafin Hausa hedikwatar ƙaramar hukuma ce a masarautar Haɗeja, cikin Jihar Jigawa. A nan Jami'ar Sule Lamido take, wadda aka kafa a 2013. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ido yana tafiya da nisa ba dutsen da zai tare shi. Kogin Haɗeja, wanda ruwansa ke gangarowa daga ɓangaren Kano, yana rarrabuwa a wannan yanki, kuma ɗaya daga cikin rassansa sunan garin yake ɗauke da shi. Mun zo ne lokacin kaka: ana yankan shinkafa a fadama, ruwan damina bai gama janyewa ba, hazo ya fara sauka. Malam ya ce ya zaɓi wurin ne domin babu allo, babu hoton da za mu kwafa. Sai abin da ke gabanmu.

Darasi na farko a gindin wata goruba muka same shi, a bayan gari. Malam ya ba mu minti 10 mu zana ta. Da lokaci ya cika ya jera littattafan a ƙasa. Mu 10 cikin 12 mun zana itace mai ƙafa ɗaya miƙaƙƙiya, da ganye masu kama da gashin tsuntsu suna zubowa daga sama.

"Wace bishiya ce wannan kuka zana?" in ji shi.

"Goruba ce, Malam."

"To ku ɗaga kai ku dubi gorubar."

Muka duba, kunya ta kama mu. Goruba rabuwa take yi: gangar ta tashi ta rabu biyu, kowane reshe ya sake rabuwa, ganyenta kuwa a buɗe yake kamar mafici. Abin da muka zana kwakwar cikin littafin firamare ce, wadda ta zauna mana a ka tun muna yara. Malam ya nuna mana cewa ko 'yan uwan goruba ba kamarsu ɗaya ba. Giginya ba ta reshe, kuma idan ta manyanta gangarta takan kumbura can sama. Dabino shi ne mai dogon ganye kamar gashin tsuntsu. Mun ci goruba ba adadi, amma ba mu taɓa tsayawa mun dubi uwarta ba.

Wannan shi ne babban kuskuren mai koyo, kuma daga gare shi sauran suke tsirowa: yana zana abin da ya sani a kansa, ya bar abin da idonsa ke gani. Maganin da Malam ya ba mu shi ne mu kafa ido a kan bishiyar, fensir yana bin gefenta a hankali, ba tare da mun kalli takarda ba har minti 2. Zanen ya fito a karkace, muka yi ta dariya. Amma a kowane littafi gorubar ta rabu biyu.

Daga nan muka taka zuwa wata unguwa a gefen gonaki, muka yi sallama, muka nemi izinin zana rumbunan da ke bayan wani gida. Wani daga cikinmu ya fara da jinkar rumbu, yana jan ciyawa ɗaya bayan ɗaya, da kyau ƙwarai. Kafin ya iso cikin rumbun takarda ta ƙare, ya tashi da jinka ba rumbu. Kuskure na biyu ke nan: farawa da ƙananan abubuwa kafin a kafa manya. Magini ba ya yi wa ɗaki ado kafin ya ja katanga. Malam ya ce mu fara da babbar siffa, layi huɗu ko biyar marasa nauyi waɗanda za su nuna inda abu ya fara da inda ya ƙare.

Ya kuma koya mana awo ba tare da rula ba. Ka miƙe hannunka gaba ɗaya, ka rufe ido ɗaya, ka daidaita kan fensir da ƙololuwar jinka, ka sa babban yatsa inda jinkar ta ƙare. Wannan tsawon shi ne ma'auninka. Sai ka duba sau nawa ya shiga tsawon rumbun, sau nawa ya shiga faɗinsa. Da muka auna ne muka lura rumbun ba a ƙasa yake zaune ba, an ɗaga shi saboda gara da danshi, ƙarƙashinsa kuma duhu ne. Da yawanmu mun manna shi da ƙasa. Haka bakin wani tulu da ke kusa: mun san zagaye ne, sai muka zana shi zagaye, alhali daga inda muke tsaye siffar ƙwai yake da ita.

A nan muka gane dalilin ƙwace kilina. Yawancinmu muna riƙe fensir kusa da bakinsa kamar masu rubuta jarrabawa, muna dannawa har layin ya fito ta bayan takarda. Layin da aka danna ba ya gyaruwa, sai gogewa, gogewa kuma tana cin takarda da lokaci, tana sa mutum tsoron layi na gaba. Malam ya ce mu ja yatsu baya zuwa tsakiyar fensir, hannu ya motsa tun daga kafaɗa. Idan layi ya kauce, a bar shi, a ja daidai a gefensa, domin kuskuren shi ke nuna inda daidai yake. Ya ƙara da cewa harafin H a jikin fensir tauri yake nufi, B kuwa laushi da baƙi, don haka 2B a ajiye shi sai an zo duhu.

Bayan azahar muka gangara bakin ruwa. Ciyawar kacala ta cika gefe ɗaya, wasu kwale-kwale suna ɗaure, wani dattijo yana gyaran koma a inuwa. Muka gaishe shi, ya amsa da fara'a, ya taso yana leƙa littattafanmu. Da ya zo kan wata ɗaliba 'yar aji biyu na babbar sakandare sai ya yi murmushi.

"'Yata, wannan jirgin naki wa zai shiga?"

"Me ya same shi, Baba?"

"Ai kin ɗora shi a kan ruwa kamar faranti a kan tabarma. Jirgi a cikin ruwa yake zama. Ki duba, ina gindinsa?"

Ta duba. Gindin yana cikin ruwa, ba a ganinsa, abin da ake gani a wurin inuwar jirgin ce tana rawa. Dattijon bai taɓa shiga ajin zane ba, amma ya shekara yana kallon jirgi, idonsa ba ya karɓar ƙarya.

Bakin ruwan ya koya mana nisa da kusa. Jiragen da ke can ƙetare mun zana su daidai da na gabanmu, saboda mun san girmansu ɗaya. Da muka auna da fensir, na nesa bai kai rabin na kusa ba. Hazo ma ya taimaka: itatuwan da ke nesa sun dushe sun koma toka-toka, na kusa ne kawai ke da baƙi sosai. Wanda ya ba komai duhu iri ɗaya, zanensa zai kwanta ba zurfi. Malam ya sa muka runtse ido kaɗan har ƙananan abubuwa suka ɓace, sai ga komai ya kasu uku: haske, tsaka-tsaki da duhu. Ya ce tambayar farko kafin a sa inuwa ita ce, ta ina rana take?

Can sai ga garken shanu sun zo shan ruwa, balbelu na biye da su. Muka ce ba za su zanu ba tunda ba sa tsayawa. Malam ya ba mu daƙiƙa 30 ga kowace saniya: layin baya, tozo, ƙaho, ƙafafu, a wuce ta gaba. Ya tuna mana da zanen shanu da ke jikin duwatsun Birnin Kudu, a nan jiharmu, wanda mutanen da suka yi tun ba takarda ba fensir. Biyu daga cikinmu da ba sa zana abu mai rai suka zauna da koma da gora da tarin shinkafa, kuma darasin bai canza ba.

Akwai wani a cikinmu da tun safe yake rufe littafinsa da hannu. A hanya ya gaya mana wannan ce fitarsa ta ƙarshe da ƙungiya, domin shi ba shi da baiwa. Littafin nasa saura 'yan shafuka, duk ya yage sauran. Malam ya zauna kusa da shi ya ce wannan kuskuren ya fi duk na baya, domin shi kaɗai ne ke raba mutum da fensir. Ya tambaye shi ko ya taɓa ganin mai ɗinkin hula da ya fara da gwaninta, ko alaramma mai zayyana da bai wanke allo sau ɗaruruwa ba. Wanda ke yage shafi yana zubar da shaidar da za ta nuna masa ya ci gaba. Haka wanda ke jiran sai ya sayi kayan zane masu tsada, da wanda ba ya zana komai sai hoton cikin waya, inda kyamara ta riga ta yi masa aikin dubawa.

Ya ba mu labarin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar zane a Zariya a 1958, a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, irin su Uche Okeke, Demas Nwoko, Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya. Matsayinsu shi ne mai zane ya koyi dabarun zamani, amma ya gina su a kan abin da ke ƙasarsa. Kuma amfanin ido mai lura bai tsaya a ajin zane ba. Mai zana fure ko kifi a jarrabawar Bayoloji ta WAEC ko NECO yana buƙatarsa, haka mai burin zama injiniya, mai tsara gine-gine ko tela.

Da la'asar sakaliya muka koma gindin gorubar nan. Rana ta juya, inuwar da ta kwanta yamma da safe yanzu ta miƙe gabas. Aka sake ba mu minti 10, muka ɗora zanen yamma kusa da na safe. Babu wanda ya zama gwani a wuni ɗaya, amma duk wanda ya ga na biyun zai ce goruba ce. Abokinmu mai yage shafi ya daɗe yana kallon nasa biyun, sannan ya rubuta kwanan wata a ƙasan kowanne. Ranar Laraba ya zo taron ƙungiya.

Ga aikin da Malam ya ba mu, mu ma mun miƙa muku. Ku ɗauki abu ɗaya a gida, buta ko tulu ko takalmin makaranta. Ku dube shi minti 2 kafin fensir ya taɓa takarda, sannan ku zana shi minti 15 kullum har mako guda. Kada ku goge, kada ku yage, ku sa kwanan wata. Ranar bakwai ku jera su ku gani.

Sai da muka iso Haɗeja direba ya tuna mana da baƙar ledar da ke ƙarƙashin kujera. Babu wanda ya tambaye ta.