Gidajen da ke bakin tabkin Madarumfa

Ƴan uwana mata, wadda ta san Madarumfa, kudu da Maraɗi, ta san tabkinta da kaburburan waliyyai 99 da ake zuwa ziyara. Amma in kun je gab da faɗuwar damana, ku ɗaga kai sama. Akwai wani gari bisa itatuwa.

Shamuwa ce babbar baƙuwa. Daga kudancin Afirka take tahowa wajen watan huɗu ko na biyar, shi ya sa tsofaffi ke cewa in ta iso ruwa ya kusa. Ba ta son nisa da mutane. Bisa kuka ko tsamiyar cikin gari take tara ƙirare, ta gyara sheƙar bara, ta yi ƙwai biyu ko uku.

A bakin ruwa kuwa kabare ne da saƙarsa. Namijin ke tsaga ɗanyar ciyawa siriri-siriri, ya saƙa ɗaki a ƙarshen reshe, ƙofar na kallon ƙasa, inda maciji zai sha wuya kafin ya kai. Macen ta zo dubawa. In bai yi mata ba, sai ya warware ya sake wani. Ku ji fa, har tsuntsuwa ba ta tarewa a ɗakin banza!

Cilakowa ta fi ban mamaki. Kogon icce take shiga, ta liƙe ƙofa da laka, ta bar ƴar tsaga. Nan take zaman jegonta, mijin na miƙo mata ƙwari ta tsagar, har ɗiyan su yi ƙarfi ta fasa ta fito.

Ko zanzaro, da lakar bakin tabki yake gina ɗakinsa jikin bango, loma-loma, ya cika shi da tsutsa don ɗansa ya taras da abinci.

To, in ban da zanzaro, duk gidajen nan bisa icce suke, kuma mu ne masu neman iccen girki kullum. Shamuwa da cilakowa fara da tsutsa suke ci, waɗanda ke ɓarna a hatsinmu. Cilakowa ba ta samun kogo sai ga tsohon icce. In aka sare shi, ta tashi ke nan.

Manoman jihar Maraɗi sun daɗe suna sassaben zamani, suna barin tohon kututture ya girma cikin gona. Mu ma mu kama. Mu ɗebi busasshen reshe, mu bar mai sheƙa, mu kuma hana yara harbinta da danƙo.