Bakin Wane Bature Za Mu Bi?

'Yan'uwana ɗalibai, bari in ba ku labarin wata kunya da na sha, ko ta amfane mu gobe in mun riƙe alli.

A hutun da ya wuce na shiga koyon wani harshe wai shi Lojban. Ba harshen wata kabila ba ne, ƙirar mutane ne. Asalinsa Loglan, wanda James Cooke Brown ya soma a Amurka cikin 1955, sa'an nan aka fid da Lojban daga gare shi a 1987. Wasulansa shida ne, watau a, e, i, o, u da y, kowanne da sautinsa guda.

Wani Ba'amurke abokin wasiƙata shi ke koya mini. Ya rubuto ya ce, "Faɗi a kamar yadda ka ke ji cikin hot." To, mu a makarantar mishan bakin Ingila aka koya mana, o mu ke ji a kalmar nan. Na yi mako biyu ina mai da kowane a ya koma o. Ran da na aika masa da muryata ta waya, sai ya ce ko kaɗan bai gane ba. Ashe yawancin mutanen Amurka da a su ke faɗin hot. Shi ma da nasa tuntuɓen, gama Turanci ya saba masa da jan e ta ƙarshen kalma har ta koma ei, ga shi kuwa a Lojban le dabam, lei dabam.

Maganin abin ashe yana nan Maiduguri. Wasula biyar na farko kusan su ne na Hausa, na cikin gida, zomo, kunu da gero. Na shida ne ya gagare ni, sai wani Babarbare ɗan ajinmu ya ji ina fama, ya yi dariya ya ce, "Malam, ai wannan namu ne." Ya faɗi fǝr, watau doki da Barbarci. Nan take na kama.

Tun daga ranar, in na shiga aji koyar da karatu, ba na ce wa yara "kamar na Turanci", don Turanci baki-baki ne. Yaron da aka ɗora bisa misalin da ba shi da tabbas, da kuskuren zai girma, laifin kuwa namu ne. Mu nemo wa yaro misali daga bakin uwarsa.

Iyakar abin da zan ce ke nan.